Injin da Malam Jatau Bai Taɓa Gani Ba

Da Lubabatu ta zo Gummi duba Innarta, sai ta ce ba za ta koma Sakkwato ba sai ta gaida Malam Jatau, wanda ya koyar da su kimiyyar sinadarai shekara goma sha tara da suka wuce. Ta same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya tsufa, sai da ta faɗi sunan mahaifinta sannan ya gane ta.

"Ke ce mai zama kusa ga taga! Mi kike yi yanzu?"

Ta ce tana aiki a ɗakin gwaji, suna auna ragowar maganin ƙwari a cikin wake. Na wannan makon ma daga Nasarawa Burkullu aka kawo shi.

A zamaninsu makarantar ba ta da kayan gwaji. Malam yakan ɗiga tawada a jikin alli, ya tsayar da shi cikin murfin kwalba mai ɗan ruwa. Su arba'in su kewaye tebur suna turereniya, ruwan yana hawa, baƙar tawada tana rabuwa, shuɗi a sama, ja a ƙasa. Sauran darasin kuwa da baki ne: akwai injin da ke tura ruwa cikin siririn bututu, kowane sinadari da lokacin fitowarsa.

Ta buɗe wayarta ta nuna masa bidiyon irin wannan injin yana aiki a ɗakin gwajinsu, yana zana layi mai yin tsini duk lokacin da wani sinadari ya fito. Ya matso da ita kusa da ido.

"Ashe ɗan ƙarami ne. Ni na ɗauka ya kai firji." Ya sa yatsa a kan layin da ya yi tsini. "Wanga minti nawa kafin shi fito?"

"Shida, Malam."

"Gudun ruwan fa?"

"Mililita ɗaya da rabi a minti."

"Mililita tara ke nan ya wuce cikin bututun. Kin cire ruwan da ka fara wucewa bai riƙe komi ba?"

"Biyu ne. Saura bakwai."

Ta ji muryarta ta fito da sauri kamar ta 'yar aji, har dariya ta kama su duka.

Ya tambaye ta sauran 'yan ajin. Marka na asibiti a Anka, Basma ta yi aure a Bukkuyum, biyu sun rasu. Ya yi musu addu'a.

Da ta miƙe za ta tafi, ya riƙe wayar, ya leƙa cikin gida ya kira matarsa.

"Hure! Aje tsintsiyar nan, taho ki ga abin da na kwashe shekara talatin ina faɗi."