Takalmin Baba

Takalmin Baba na fata yana bakin ƙofa, ƙasansa bai ci ko kaɗan ba. Yaya Isma'ila ne ya sayo shi shekara biyu da suka wuce, ranar da ya kawo kujerar kishingiɗa ya ce a gaban kowa, "Baba, maza uku ka haifa. Ka gama taka ƙasa, kar mutane su ce mun gaza."

Kafin nan Baba dillalin shanu ne. Shekara talatin yana zuwa mayankar Trans-Amadi da ƙafa, takalmi ba ya yi masa wata shida. Yanzu ko masallaci a keke napep ake kai shi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Sakinatu, shi ya sa bai taɓa kirana da shi ba. Uwata yake cewa. Da na dawo Fatakwal daga bautar ƙasa a Enugu, na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Sannu, yarinya. 'Yar gidan wa?"

Likita ba ta ɓoye mini ba. Ta ce abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba, amma zama wuri ɗaya yana ƙara wa mantuwar gudu. A bar shi ya yi tafiya, ya shiga mutane.

"Ki ja tsoho a titi kamar marar gata?" in ji Yaya. "Bokon nan naki ya fara yawa."

Amma kullum da safe, idan Yaya ya fita kasuwa kuma ruwa ya ɗauke, sai in ajiye takalmin a gaban Baba. Makon farko iyakarmu wajen mai albasa. A hanya nakan ba shi labarin yadda yake goya ni a wuya, yana sauraro da ladabi kamar labarin wasu.

A mako na shida muka kai mayanka. Wani tsohon mahauci ya ajiye wuƙarsa.

"Kai! Tsohon macuci, ashe kana duniya?"

"Idrisu," in ji Baba, "har yanzu ba ka koyi wanka ba?"

Aka fashe da dariya. Baba ya nufi wani farin sa, ya dafa tozonsa, ya buɗe bakinsa ya leƙa haƙora. "Shekara huɗu. Ruwa suka ɗura masa, ba ƙiba ba ce."

Na tsaya gefe. Ya tuna Idrisu, ya tuna shanu. Ni ko waiwayowa bai yi ba.

Keke ya tsaya a bayanmu, Yaya ya sauko fuska a murtuke. Wani ya kai masa labari. Kafin ya ƙaraso, Idrisu ya ce, "To wa ya fito da kai daga kurkukun 'ya'yanka?"

Baba ya juyo. Ya daɗe yana kallona, hannunsa na kan tozon, har na fara sunkuyar da kai.

"Uwata ce," ya ce. "Ba ta barin mutum ya zauna."

Ban san ko gobe zai sake faɗa ba. Na cije gefen mayafina.

Yaya ya dubi ƙafafun Baba, taɓo har idon sawu. Mai keke ya tambaya da Turancin buroka ko Baba ba zai shiga ba: "Oga, Baba no dey go?" Yaya ya shiga shi kaɗai, ya taɓa kafaɗar mai keken, suka juya.