Faifan Adda a Bangon Otal

Shekara biyu cur Adda Safiyatu ba ta taɓa basilla ba. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Sule Tankarkar babu wadda ta kai ta ɗinkin faifai. Ɗantala ne ya kashe mata gwiwa, wannan dillalin da ke kai mata kaya kasuwar Maigatari. Ya ce wai roba ta shigo, ba mai son faifai yanzu. Tun daga ranar ta zama ba ta da aiki sai zaman tagumi. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Abin yana cina wallahi, don ina kallo tana lalacewa a zaune.

Da matar ɗanta Mu'azzam ta haihu a Kano, muka tafi suna. Gidansa ya cika maƙil, sai ya kai mu wani ɗan otal mai ɗaki goma sha biyu kacal, amma fa an kashe masa ado. Ko'ina ƙamshin turaren wuta, ga ruwa na gudu a tsakar gida ba mai tarewa. Adda ta ce wannan almubazzaranci ne. Ni kuwa na faɗa kan gado na nutse kamar cikin buhun auduga, na ce a bar ni nan sai Sallah.

Da azahar aka kawo mana shinkafa da kaza har ɗaki. Muka ci muka bar saura. Adda ta waiga tana neman murfi, don ita ko ƙuda babu ba ta barin abinci a buɗe. Sai idonta ya kai bango. Faya-fayai ne guda biyar a jere, kowanne da 'yar fitilarsa tana haska shi.

"Ikon Allah! Ummulkhair, mutanen birni a bango suke rufe tuwo?"

Kafin in ce kanzil ta taka kujera ta zaro na tsakiya ta kife a kan faranti. Na ce, "Adda, za ki ja mana abin kunya!" Ta ce aikinsa ke nan.

Mai ɗaukar kwanuka ta shigo, ta ga bango, ta ga faranti, ta juya ta fita. Jim kaɗan sai ga mai otal ɗin da kanta, Hajiya Sharifa, doguwa mai fara'a. Ta gaishe mu har ƙasa, sannan ta ce, "Mama, don Allah a yi haƙuri, wannan na ado ne. Ba a samun irinsa yanzu."

Adda ba ta ma ji ta ba. Ta juya faifan tana kallon bayansa. Na leƙa. Ɗinki uku na baƙar kaba a gefen cibiya, alamar da Innarmu ta koya mata, wadda muke kira ƙafar zabo. Ashe aikin Adda ne.

"'Yar nan, a ina kika samo shi?" in ji Adda.

"A Maigatari, Mama. Baƙi har hoto suke ɗauka da su. Na koma neman ƙari sau biyu, dillalin ya ce min mai yin su ta rasu."

"Wa ya rasu?"

"Mai ɗinkin, Allah Ya jiƙanta."

Adda ta dafe ƙirji. "Ni ce na rasu? Ummulkhair, kin ji Ɗantala ya binne ni ban sani ba!"

Ni dariya ta riga ta kayar da ni kan gado. Na ce ai ga gawa nan ta cinye rabin kaza. Hajiya Sharifa ta tsaya baki buɗe, har sai da Adda ta sa aka sauko da sauran huɗun. Tana juya su ɗaya bayan ɗaya, ƙafar zabo na nan a bayan kowanne. Na ƙarshen ta daɗe tana shafa shi, ta ce a damina ta yi shi, shekarar da Inna ta rasu. Nan dariyata ta tsaya, na ji ƙwalla.

Hajiya Sharifa ta durƙusa ta kama hannunta. Ta ce akwai ɗakuna bakwai da bangonsu ke jiran faifai, ko Mama za ta taimaka?

Adda ta ja aji, ta ce ido ya yi rauni, hannu ya manta, za ta dai yi shawara. Na harare ta, ta ɗauke kai.

Washegarin suna muka kamo hanya. Muka yi ta tafiya har muka iso Gumel. Muna daidai bakin kasuwa ta bubbuga kujerar direba ta ce ya tsaya, za ta sayi galura, ja da kore. Ta sa ƙafa ɗaya waje, sai ta juyo ta dube ni.

"Ke, basillar nan da na ce ki jefar, kin jefar?"

Na kwance bakin zanena na miƙa mata. Shekara biyu ke nan tana wurin.