Makokin Minista a Bomo

Da Ubangiji ya kira Sati yana kan kujerar ministan harkokin waje, yayarsa Rhoda ta shimfiɗa tabarmi a gidan ubansu da ke Bomo. Nan ya tashi, nan ya yi malanta kafin siyasa ta ɗauke shi.

Kashegari Kingsley, jami'in ma'aikatar, ya zo ya rusuna.

"Mama, jakadu za su zo gaisuwa. Mun kama otal a Sabon Gari, manyan baƙi ba sa zaman ƙasa."

Rhoda ta san in aka kai makokin can, tsofaffin da suka goyi Sati ba mai barin su shiga.

"Ɗana," ta ce, "ƙanena ya je ƙasashensu, ya ci abincinsu bai yi ƙorafi ba. Su ma su zo inda muke."

Da la'asar motocin jakadun suka iso Bomo. Wani jakada mai furfura ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya sunkuya ya kwance nasa. Wata tsohuwa ta matsa ta ba shi wuri a tabarma, ta ce, "Zauna, bawan Allah. Yaya haƙuri?"

Sai a lokacin Rhoda ta samu ta yi kuka.