Takun Jonathan

Tun da idanun Baba Manasse suka rufe, da kunne yake gane mutanen gidansa. Yakan zauna a ƙofar gida a Dala yana tufkar igiya, duk wanda ya zo shiga sai ya kira sunansa. Babbar 'yarsa Rhoda jan ƙafa take yi. Autansa Jonathan kuwa, ɗan shekara goma sha ɗaya, dukan ƙasa yake yi da diddige kamar ta yi masa laifi.

"Ga sojana nan," Baba yakan ce. "A hankali, kar ka fasa mana daɓe."

A shekarar da za a karɓi mulkin kai, aka zaɓi Jonathan ya riƙe tutar makarantarsu ranar maci. Kullum da yamma suna fili suna buga ƙafa, in an tashi ya wuce ƙwallo. Baba ya ce ko a kan jaki ne sai an kai shi wurin, ba don ya gani ba, don ya ji.

Sai takun Jonathan ya ɓace. Baba yakan ji muryar yaron a tsakar gida alhali bai ji wucewarsa ba.

"Rhoda, ƙanenki ta katanga yake shigowa yanzu?"

"Ta ƙofa, Baba."

"To, sanɗa yake yi mini." Ya ajiye igiyar. "Yaron da zai riƙe tuta a gaban manya ba zai so abokansa su ga ubansa makaho a bakin hanya ba. Na gane."

Daga ranar ya daina zama a ƙofa. Ya koma ɗaki, tuwo ma sai ya taɓa kaɗan ya ture.

Rhoda ta sa ido. Ta ga Jonathan a kan yatsu yake tafiya, diddigensa ba ya taɓa ƙasa. Ta tare shi a bakin randa.

"Wannan wace irin yanga ce?"

"Yaya, kar ki gaya wa kowa. Diddigena ne, duka biyun. In na dawo daga fili kamar na taka ƙusa. In malam ya ji, Garzali ɗan ajinmu zai ba tutar."

"Baba ya ɗauka kunyarsa kake ji."

Jonathan ya ajiye moɗar da ke hannunsa. Sannan ya shiga ɗakin Baba, ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafarsa a cinyar ubansa. Baba ya shafa, ya matse diddigen ta gefe biyu. Yaron ya ja numfashi, ya riƙe rigar ubansa.

Washegari Rhoda ta kai shi asibiti. Malamin asibitin ya duba, ya ce babu ƙaya, ba kuma kurkunu ba ne. Ƙashin diddigen yaro bai gama haɗewa ba, in gudu da tsalle suka yi yawa sai jijiya ta riƙa jansa. A sa masa auduga a takalmi, ya huta, zai wuce da girma. Maci kam babu.

Aka ba Garzali tutar.

Ranar bikin unguwa ta watse, kowa ya tafi kallo. Baba da Jonathan suka zauna a ƙofar gida, iska tana kawo ƙarar ganga daga nesa. Jonathan yana kuka ba sauti, amma Baba ya ji.

"Tashi ka je bakin randa ka dawo," in ji shi.

"Ruwa za ka sha, Baba?"

"A'a. Wannan sabon takun nake so in koya."

Jonathan ya share fuska, ya tashi a kan yatsu, ya je ya dawo. Baba ya karkata kai, ya kasa kunne.

"Sake," ya ce. "Ban ji ba tukuna."