Tela da Daƙiƙa Goma

Duk ranar Asabar da hantsi, mutum huɗu, Tela da Malama da Nas da Makaniki, kan hau ɗan benen da ke saman garejin Makaniki, su rufe ƙofa saboda ƙarar guduma. A ɗakin akwai teburi mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da guntun taya, da rediyo irin wadda ake magana a cikinta a ji ka a wata ƙasa, da wayar eriya da ta fita ta taga ta haye rufi. Ƙungiyarsu ke nan ta masu rediyon sha'awa. Ba labarai suke karantawa ba, ba kiɗa suke sawa ba. Takwarorinsu na nesa suke kira, a yi magana, a rubuta a littafi.

Tela ne ya kafa ƙungiyar, shekara ashirin ke nan. Muryarsa tana ratsa hayaniyar iska garau, kunnensa kuma yana tsinto tashar da kowa ya ɗauka shuru ce. Amma yana da aibi guda, kuma ba za a ɓoye shi don yana da furfura ba: bai san inda gaisuwa take ƙarewa ba.

Saura mako biyu a yi gasar ƙungiyoyi. Cikin awa shida, ƙungiyar da ta fi yawan tashoshin da ta yi magana da su ita ta ci. Abu uku kawai ake faɗa wa kowace tasha: lambar kira, ƙarfin sauti, da lambar jeri. Sai a wuce.

Malama, shugabarsu, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi, ta aje agogo da ƙararrawar makaranta a kan teburi.

"Daƙiƙa goma kowace tasha," ta ce. "Tasha ashirin a jere ba tare da na kaɗa wannan ba. Nas ta cika nata makon jiya. Tela, yau ce ranarka ta ƙarshe. In ka faɗi, ranar gasa ita ce a makirufo, kai kuma ka riƙe biro."

Tela ya dubi kujerar gaban makirufo da ya gyara wa matashin zama da hannunsa. Bai taɓa kallon gasa daga bayan wani ba.

Aka soma da gwajin gida. Makaniki, wanda taubashinsa ne, ya sauka gareji da ƙaramar rediyon hannu don ya riƙa kwaikwayon tashoshin nesa. Ya matse hanci ya kira. Tela ya faɗi abu ukun nan tsaf, cikin daƙiƙa shida. Da ya tsaya nan da an yaba masa.

"To madalla. Ina kwana? Ya gajiya? Ya mutanen gida?"

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Wane mutanen gida?" muryar Makaniki ta fito daga rediyo. "Ba tare muka hau benen nan ba? Ba kai ka cinye mini rabin burodi ɗazu ba?"

"Ai ba kai na gaisar ba, maras kunya. Tashar da kake kwaikwayo na gaisar."

"To tashar ta ce lafiya lau, a ƙyale ta!"

Aka sake. Ƙararrawa. Aka kuma, har ya kai tasha huɗu, sai ya tambayi ta biyar ko an yi ruwa a wajensu. Malama ta kaɗa har hannunta ya gaji.

"Malama," Tela ya ce, yana share gumi, "mutum ya kira ka daga bayan teku, ka jefa masa lamba kamar kana jefa wa kaza tsaba? Ina tarbiyya?"

"Tarbiyya ita ce kada ka tsare shi," ta ce. "Shi ma gasa yake yi. Kana tambayarsa iyali, yana zaginka a zuci."

Gaskiya ta faɗa. Ladabin da ke cinye lokacin mutane uku da suka dogara da kai ba ladabi ba ne, jin daɗin bakinka ne.

Nas, wadda ita za ta gaji kujerar in ya faɗi, ta yi abin da ba kowa zai yi ba. Ta matso ta ce, "Baba, ranar da na kawo ɗinki shagonka, kana auna ni da allurai a baki. 'Juya. Ɗaga hannu. Dawo Laraba.' Iyakar maganarka ke nan. Ko mamata ba ka tambaya ba."

Tela ya kai hannu ƙeyar hularsa inda yake soke allura.

"A'a, Baba! In ka haɗiye, ni zan sha wahalar ciro ta." Ta miƙa masa tsinken ashana.

Ya maƙala tsinken a gefen baki, ya zauna yadda yake zama gaban keken ɗinki. Tasha goma suka wuce ba ƙararrawa. Makaniki ya hauro yana haki, ya leƙa fuskarsa don ya tabbatar shi ne.

"Yanzu na gaske," Malama ta ce. Ta murɗa rediyo zuwa inda sauran ƙungiyoyi ke nasu gwajin.

Tela ya yi kira, aka soma amsawa. Ɗaya, biyu, bakwai. Nas na rubutawa, Makaniki na ƙirgawa da yatsu masu baƙin mai. Sha biyar. Sha tara. Tsinken ya jiƙe, ya tanƙware.

Sai wata murya ta taso can ƙasa cikin hayaniya, siririya, da ɗan tari a gaba. Tela ya san tarin nan. Mai Agogo ne, abokinsa na wata ƙasa mai nisa. Shekara sha biyar suna hira duk mako, ba su taɓa ganin juna ba. Wata biyar da suka wuce ya ce za a yi masa aiki a ƙirji, tun daga nan ba a sake jinsa ba.

Bakin Tela ya buɗe, tsinken ya faɗi a kan teburi. Tambayoyi suka taru masa a baki. Malama ta ɗaga ƙararrawa. Ya dubi Nas da biro a hannu, ya dubi taubashinsa da ya daina dariya.

Ya faɗi lambar kira. Ya faɗi ƙarfin sauti. "Lamba ashirin," ya ce, ya saki maɓallin makirufo.

Mai Agogo ya ba da tasa lambar.

"Daƙiƙa takwas," Malama ta ce, ta aje ƙararrawa. "Kujera taka ce. Ni na aika wa Mai Agogo saƙo jiya. Ya warke sarai. Na ce ya jira sai na ƙarshe, don in ga ko tsinke ne ke riƙe bakinka ko kai ne."

"Malama, ke muguwa ce," Makaniki ya ce, yana dariya har da riƙe ciki.

Tela bai ji su ba. "Agogon ya tsaya?"

"Ya tsaya," Malama ta ce.

Ya jawo makirufo, ya gyara zama. "Mai Agogo! Ina kwana? Ya jiki? Ya ƙirjin? Ya mai ɗakinka, ya jikokin nan biyu, ya kyanwar da ke kwana a kan rediyonka?"

Nas ta rufe littafi. Makaniki ya ce shi zai sauka ya ƙarasa injin da ya kwance, in an kai ga gaisar da maƙwabta a kira shi.