Gwangwanin Usta Girdari

…kuma ai bai ce toka ce ba. Shi dai bai ce ba. A tsaya a nan tukuna, Zakari bai buɗe baki ya ce wa kowa toka ce a cikin gwangwanin nan ba. Tsohon nan mai jan mayafi ne, tafintan gidan, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a Maskat har ya iya Larabci. Shi ya hango gwangwani a hannunsa tun daga ƙofa, ya haɗa tafin hannu biyu a ƙirji, ya sunkuya, ya juya ya gaya wa mutane da yarensu. Su kuma suka dare, suka ba shi hanya. Shi ke nan fa. Shi shiru kawai ya yi.

Shiru… Kai Zakari, wa kake yi wa wayo?

Ƙasa ce. Baƙar ƙasar Fashaga ta Sudan, mai tsagewa da rani, mai riƙe tayar tarakta da damina. Da hannunsa ya ɗebo ta daga kan kabarin Usta Girdari, ƙarƙashin aduwa, ya zuba a gwangwanin madara, ya naɗe da farin ƙyalle. Me kuma zai kawo wa uwar mutum? Agogo da tabarau mai karyayyen kunne? Ya kawo su, suna aljihu. Amma ya ce a ransa bari ta taɓa inda ɗanta yake kwance. Wallahi niyyar ke nan. Da ita ya baro Gadarif ranar da mai gona ya turo shi Indiya sayen kayan gyaran tarakta, da ita ya yi kwana biyu a mota yana hawan duwatsun nan yana amai, adireshin tsohuwar na rubuce a bayan hoto. Niyyar tana nan lafiya ƙalau har zuwa bakin ƙofa.

Yanzu ga shi zaune a kan dakalin dutse, ba takalmi, sanyi na cin yatsunsa. Ashram suke ce wa wurin. Gidan ibada ne, gidan masu ziyara, ba don ƙararrawar nan ba da mutum sai ya ce masidin wani shehi ne, zawiyarsa ta bakin kogin Rahad: baƙi na shigowa ƙafa duk faso, ana zuba musu miyar waken adas da gurasa, ba a tambayar kowa daga ina. Ga wani ya goyo tsohon ubansa a kwando. Ga mata cikin fararen kaya suna tsintar shinkafa. Ƙararrawa kuma, ƙararrawa, ba ta hutawa… Astagfirullah. Me ya kawo ɗan jikan alhazai nan? Atine ta faɗa tun tana haɗa masa jaka: Malam, wanda ya mutu ya mutu, ina ruwanka da duwatsun mutane? Ita ba ta sani ba. Shekara uku suna kwana ɗaki ɗaya, bai gaya wa matarsa ba.

An ce ya jira, ana fito da tsohuwar.

Wuta — ga ta can ma a tsakar gidan, a wani ɗan rami, wani na zuba mata mai da cokali — haka ta tashi a gonar ran nan, kafin saukar ruwa, suna ƙone kara da ciyawa. Shi da Usta Girdari a kan injin, makanikin Indiya da mai gona ya ɗauko, gajere, gashin baki duk man inji. Shekara bakwai suna tare, shi yana tuƙi, Usta yana gyara. Sai Usta ya nuna wutar da sufana, da Larabcinsa mai ɗingishi: ni haka, ya Zakariya. In na mutu, haka. Wuta, bayan nan kogi. Uwata tana kan dutse, ita za ta zuba ni a ruwa, in ba haka ba hanyata ba ta buɗewa. Zakari ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a'uzu billahi, ya zol, kai bawan Allah, mutum da hankalinsa yana roƙon wuta? Usta bai yi dariya ba. Ya sake faɗa a hankali, yadda yake maimaita sunan wani ƙarfe in yana so a riƙe.

To ya ji. Ba zai ce bai ji ba.

Kuma mutumin nan… wayyo, mutumin nan. In azahar ta yi a tsakiyar gona, ba bishiya ko ɗaya, Usta ne ke juya tarakta ya yi masa inuwa, ya kashe injin don kada ƙara ta dame shi. Ya zauna gefe yana goge hannu da tsumma har a sallame. Da azumi bai taɓa shan ruwa a gabansu ba, sai ya zagaya bayan tanki. Shi da ba addininsa ba! Shi ya tsare maka naka shekara bakwai, Zakari. Kai yini ɗaya aka ce ka tsare masa nasa.

Yini ɗaya ma bai kai ba. Tsakanin la'asar da magariba ne.

Tsakiyar damina, laka har gwiwa, hanyar Gadarif ta yanke kwana tara. Usta yana ƙarƙashin tarakta, jek ya zame a cikin lakar. Ƙarar ba ta da yawa ma, kamar an taka busasshen kara. Da suka jawo shi ƙirjin ya riga ya… a'a, bar wannan. Bar shi. Mutanen kambo, sansanin ma'aikatan gonar, sun kewaye, 'yan Habasha masu noma, Jibrin direba yana ta salati, Modibbo Adamu mai ja musu salla ya durƙusa a gefe. Usta ya damƙe wuyan rigar Zakari, shi kaɗai yake kallo. Nar, in ji shi. Nar, ya Zakariya. Nar.

Modibbo ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa, ya ce Allahu akbar, bawan Allah wuta yake tsoro, laƙƙana masa kalma tun da kai yake ji. Modibbo ba shi da laifi. Mu a bakinmu wuta ɗaya ce, ta murhu da ta lahira, Larabawa ma haka, wa zai ji mai mutuwa yana kiranta ya ce so yake? Kowa a wurin tsoro ya ji a muryar. Mutum ɗaya ne tak ya san roƙo ne.

Ya sunkuya. Ya kai bakinsa kunnen Usta ya karanta masa. Leɓen ya motsa, ya motsa… kalma ɗaya ce, gajera, wadda dai yake ta faɗa. Sai hannun ya saki rigar.

Ya faɗa? in ji Modibbo. Ka ji da kunnenka?

Ya faɗa.

Haka Zakari ya ce. Kalma biyu. Suka yi masa wanka, suka yaga sabon zanen gadon Jibrin suka yi likkafani, suka sallace shi sahu uku, suka kwantar da shi yana fuskantar gabas. Kowa yana murna yana kuka: kun ga rabo, Usta ya samu a minti na ƙarshe! Har yau in an wuce aduwar nan ana ɗaga hannu a yi masa fatiha.

Ruwan sama ne ya hana, ko? Itace ya jiƙe? Ƙarya kake. Akwai busasshen itace cike da rumfa, akwai duro biyu na gas. Ƙauna ce to? Ya sha gaya wa kansa haka, cewa ba zai iya ganin fuskar nan tana ƙonewa ba, cewa ya ji masa tsoron gobe kiyama. Akwai wannan, Allah ya sani akwai. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu ƙarami, mai wari: a koma Gadarif a ce Zakari jikan Mailafiya ya cinna wa mutum wuta? Wa zai ba shi hannu a masallaci? Wa zai zauna kusa da shi a wurin suna? Tsoron bakin mutane ya ji. Ya duba idon abokinsa, ya duba idon jama'a, ya zaɓi jama'a.

Kakan nasa ma, Mailafiya, ai baƙo ne. Daga Katagum ya taso da ƙafa zai je Makka, shekara goma sha ɗaya a hanya, ya tsaya Gadarif ya yi noma ɗaya don guzuri, noma ɗaya ya zama arba'in. Har ya mutu yana cewa bana in Allah ya yarda za mu ƙarasa. To a ce a hanya ya faɗi, cikin wasu mutane masu kirki, masu ƙaunarsa, yana roƙon ƙasa, ƙasa, su kuma don tausayi suka tara itace… Subhanallahi! Da ya ji labarin nan da har abada ba zai yafe musu ba.

Ga ta.

Ashe 'yar ƙarama ce haka. Farin zane ba ɗinki, kai a aske, ƙafafu kamar sillen kara. Mata biyu na riƙe da ita, tana ture hannunsu. Idon Usta ne sak, har yadda yake ƙanƙance na hagu. Zakari ya miƙe, bai san me zai kira ta ba, Hajiya ta zo bakinsa ya haɗiye. Inna, in ji shi. Ta ɗaga hannu, bai kai ba, ya sunkuya mata, ta dafa kansa. Tafin hannun kaushi ne zalla. Usta ya ce shekara arba'in ta yi tana noman alkama kafin ta hau dutse.

Tafinta yana magana a gefen kunnensa, a hankali. Shekara uku, in ji shi, tun da wasiƙar mai gona ta zo, kullum da safe sai ta sa an zaunar da ita tana kallon ƙofa. Likita ya fid da rai da ita sau biyu, ta ƙi tafiya. Ta ce ba za ta mutu ta bar ɗanta a tsaye a hanya ba. Kuma ta ce… a wurinmu ɗa ne ko ɗan'uwa yake kunna wutar. Tun da kai ka yi masa, daga yau kai ɗanta ne.

Yanzu, Zakari. Yanzu ne wurin. Buɗe baki. Inna, ba a yi ba. Inna, ƙasa ce. Kalma nawa ce duka?

To in ya faɗa fa? Tsohuwar nan da zare ɗaya ke riƙe da ita, ya tsinke shi da hannunsa? Ya ce mata ɗanki yana can ƙarƙashin laka, hanyarsa a rufe, ni na rufe? Ba gara ta zuba abinta a ruwa ta mutu da sanyin zuciya ba? Tausayi ne wannan… E, tausayi. Wancan karon ma sunan da ya sa masa ke nan.

Ta karɓi gwangwanin, ta rungume shi a ƙirji, ɗaya hannun ta saƙala a nasa. Sun fara sauka. Matakalar dutse ce har bakin kogi, jama'a na biye da su suna wata waƙa ƙasa-ƙasa, an zuba masa furanni masu ruwan ɗorawa a wuya, shi, shi Zakari. Nauyinta bai kai na rabin buhun riɗi ba, amma kafaɗarsa kamar za ta cire. Ruwan yana ƙara, fari fat, daga ƙanƙara yake saukowa. Saura mataki goma sha wani abu. Usta, kana gani? Ka yi magana mana. Kai da ba ka iya shiru ba in mutum ya ɗaura ƙusa a karkace.

Gabas muka fuskantar da kai, ka sani? Daga Fashaga, Makka gabas, ƙasarku ma gabas, ka ga kenan kana kallon uwarka… Kai, tir. Ji abin da yake lallashin kansa da shi.

Saura biyar. Sai wani abu ya faɗo masa, ƙafarsa ta kusa zamewa. Atine in ta zubar da tokar murhu a kwata, bisa ruwa take bi, fara-fara, ta tafi. Ƙasar Fashaga ba ta tafiya. Ta ji ruwa ta zama laka, ta nutse, ta manne. Shekara talatin yana kankare ta daga tayar tarakta.

Ruwan ya taɓa idon sawunsa, sanyin ya harba har ƙwaƙwalwa. Ta kwance ƙyallen. Murfin ya ƙi, ta miƙo masa, shi ya buɗe mata — da hannunsa, da farcensa. Ta tsoma yatsunta a kogi, ta sa su cikin gwangwanin.

Ta tsaya.

Tana murzawa tsakanin babban yatsa da manuni. Baƙi, mai danƙo, ya kama fatar ya ƙi sauka. Ta kai hanci. Shekara arba'in tana noma… Waƙar da ke bayansu ta fara yankewa, murya ɗaya-ɗaya. Ba ta zuba ba, ba ta rufe ba. Ta ɗago, idon hagun nan a ƙanƙance, ta faɗi wani abu gajere.

Tafinta ya juyo wurinsa. Tana tambaya, in ji shi… ta ce wace irin wuta ce wannan?

Ya gaji. Wallahi ya gaji, furannin nan sun shaƙe shi. Bakinsa ya buɗe da kansa, abin da ya fito kuma ba amsarta ba ce, amsar Modibbo ce, ta makara da shekara uku.

Bai faɗa ba. Ni na ce ya faɗa. Bai faɗa ba…

Da Hausa. Da Hausa ya faɗe ta, a kan dutsen da ba mai jin Hausa ko ɗaya. Kogin yana ta wucewa. Tsohuwar na nan da yatsunta biyu a sama, baƙar laka a kansu, tana jira.

Shinu? in ji tafinta, ya matso da kunnensa. Ban ji ba, ɗan'uwa. Sake faɗa da Larabci.