Dorinar Kawu Bala

Hansai ta tofar da yawu a bakin rariya, sai ta ga jini ne. Ta taɓa leɓenta, har ya kumbura. Kwanon kokon da Zulfa ta jefe ta da shi yana gindin randa yana juyi, ita kuwa yarinyar ta faɗa ɗaki ta banko ƙofa.

"Ku koma ku karya!" ta daka wa sauran 'yan matan tsawa. Sai ta tuna an ce a daina tsawa, abin ya ƙara mata haushi.

Gidan na wata ƙungiya ne a bayan garin Gaya, inda ake ajiye 'yan matan da suka gagari iyayensu. Da damina aka turo Malama Adawiyya daga Kano ta koya wa masu kula da su aiki. Ba duka, ba zagi, ba kulle kowa. In yarinya ta birkice, ki zauna ƙasa, ki sassauta murya. In ke ce zuciyarki ta tafasa, ki miƙa wa abokiyar aikinki, ki fita ki sha iska. Aka tafa, aka sha lemo, aka ɗauki hoto.

Abokiyar aiki! Tata abokiyar aikin, Hanne, tana ƙauyen Balan tun makon jiya, wai cirar gyaɗa. Manaja ya tafi taro. Wa za ta miƙa wa? Randa?

Ta kira lambar Malama Adawiyya. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

"Salamu alaikum! Ko da mutane?"

Ta ja mayafi ta fita zaure. Kawu Bala ne, ƙanin mahaifiyar Zulfa, daga Gafasa, ya jingine tsohon babur ɗinsa mai fasasshen salansa. Sai a lokacin Hansai ta tuna: ƙarar wannan babur ta shigo gidan, sannan kwano ya tashi. Kafin nan Zulfa dariya take yi.

"Subhanallahi! Malama, wa ya yi miki wannan?" Bai jira amsa ba. "Ita ce ko? Na sani. Ai na faɗa muku."

Ya kwance igiyar bayan babur, ya zaro dorina. "Ranar da na kawo ta na so in bar muku wannan, kamar yadda ake yi in an kai yaro wurin horo. Manajanku ya ƙi karɓa, wai zamani. To ga zamani nan a bakinki."

"Malam Bala, a nan ba ma duka."

"To me kuke yi? Shayi kuke ba su?" Ya miƙo mata. "Ki shiga ki zane ta ina ji da kunnena. In ba haka ba, yau ɗin nan zan mayar da ita gidan mari. Can ba a wasa."

Hansai ta san ba a wasa. Ita ta shafa wa Zulfa man kaɗe a idon sawu lokacin da aka kawo ta, inda ƙarfe ya ci fata ya bar baƙin zobe. Kuma ba ta da ikon hana shi. Shi ya kawo ta, shi ke da ɗauka.

Ta karɓi dorinar. Abin da ya tsorata ta, hannunta ya ji daɗin riƙon.

Ta tura ƙofar ɗaki, ta mayar ta rufe. Zulfa na tsugune a lungu, ta rungume gwiwoyi. Da ta ga dorinar ba ta yi kuka ba, sai ta juya ta ba da baya, kamar wadda ta saba.

Leɓen Hansai na zugi. Ta ɗaga hannu sama, ta sauke iya ƙarfinta a kan katifa.

Tas! Ƙura ta tashi.

"Wannan ta Hanne ce," ta faɗa tsakanin haƙora, "da gyaɗarta." Ta sake zabgawa. "Wannan ta manaja, sarkin taro." Ta sake. "Wannan ta Malama Adawiyya, mai waya ba a ɗauka."

Zulfa ta waiwayo, baki buɗe.

"Ke, gunki ce? Yi ihu mana, yana saurare!"

Yarinyar ta kurma ihu. "Wayyo Inna, na tuba! Wayyo Allah!" Tsakanin ihu da ihu ta rage murya. "Inna, ki ƙara wa Kawu."

Hansai ta ƙara wa Kawu, ta sake ƙara masa, har zanin katifar ya yage, har kafaɗarta ta gaji. Sannan ta zube a ƙasa tana haki. Sai ta lura ta zauna ƙasan da aka ce a zauna.

Ihun Zulfa ya riga ya koma kuka na gaske. Ta matso, ta kai yatsa kusa da leɓen, ba ta taɓa ba.

"Ba ke na nufa ba, Inna."

"Na sani. Amma bakina kika samu. Kuma ke za ki wanke kwanon."

A zaure Kawu Bala yana gyaɗa kai. "Yauwa, Malama! Yanzu na ji aiki. Riƙe dorinar, na bar miki. In na dawo wata mai zuwa sai a ƙara."

Ta tsaya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Wata mai zuwa. Ta danna wayarta, ta kai ta bakinta mai ciwo, ta fara saƙon murya.

"Malama Adawiyya, Hansai ce. Ban dake ta ba. Amma saura kaɗan, kuma abin da na yi ba ya cikin karatunki. Ki zo da kanki, ban da mai hoto. Akwai wani mutum a Gafasa da za ki koya wa abin da kika koya mana." Ta waiwaya wajen ɗakin Zulfa. "Ki taho da zanin katifa."